Koriyar Ƙura da Farin Gari

Zuwa ga ɗiyata Mai Kwalabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, aiki kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan sai godiya. Antinki ƙafarta ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene tana yi wa maƙwabta faɗa a kan igiyar shanya. Yara duk ƙalau. Ni ma da sauƙi, in ban da tarin nan da ya mayar da ni kamar tsohon janareto.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna. Rabona da ke tun kina 'yar mitsitsiya, kina kwashe wa mutane kwalaben magani kina haɗa ruwan sabulu da tawada. Ni da mahaifiyarki ba ciki ɗaya muka fito ba, kakanninmu ne wa da ƙani, amma gida ɗaya muka tashi, har yau Yaya nake ce mata. Don haka ina da hurumin takura miki.

Hotonki ne ya zagaye dangi, kina cikin farar riga riƙe da 'yar kwalba. Kowa na ta sa albarka, amma babu wanda ya karanta abin da aka rubuta a ƙasa sai ni. Da na ga furofen da furofilin sai na ajiye kofin shayina, don da wannan aikin nake ciyar da iyali fiye da shekara ashirin.

A masana'antarmu gas ɗin furofen muke turawa cikin tanderu, ya ratsa tsakuwar katalis, wadda ita ke juya shi, ya fito ya zama furofilin, a wuce da shi inda ake yin ƙwayar robar da ake bokiti da buhu da sirinji. Tsakuwarmu koriya ce, ta kuromiyam. Ni ne shugaban masu kula da tanderun. Duk bayan 'yan shekaru tsakuwar takan mutu, sai a kashe wuta, a buɗe ƙofa, mutanena su shiga da shebur su kwaso ta. Abin da ake ba su takunkumin takarda ne, irin wanda mai fenti ma zai raina. Su fito gira koriya, majina koriya. Akwai abokina Dogo, tare aka ɗauke mu aiki. Tun kwasar da ta wuce hancinsa bai daina jini ba, hannuwansa kuma gyambo ne da ba ya warkewa. Likitan kamfani ya ce sanyi ne. Da na kai ƙara wurin Manaja, ko ɗaga kai bai yi daga kwamfutarsa ba, ya ce haka ake yi ko'ina, babu wata hanya.

Wannan "babu wata hanya" ita ta tsaya mini a wuya. Jaridar ta ce kin haɗa wani katalis da babu kuromiyam a ciki. Ki gaya mini gaskiya, da Hausar da zan gane. Ki rubuto a takarda, don ba a shiga sashenmu da waya, kuma ni maganar da ba zan iya ninkewa in sa a aljihu ba ban cika yarda da ita ba.

Kawunki na tanderu.

*

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai. Ina gaishe ka, ina gaida Anti da yara. Allah ya ƙara mata sauƙi, ya kuma taimaki maƙwabtanku. Ni lafiya lau, sai ciwon baya na yawan tsayuwa. Amma tarinka bai kwanta mini ba. Don Allah ka je wurin likitan da ba kamfani ke biyansa ba, ka tafi da Dogo.

Na karanta labarin mutanenka a bakin tagar ɗakin gwaji, raina ya ɓaci har na kasa cin abincin rana. Ƙurar da kake faɗa ba sanyi take sawa ba. Duk wanda ya karanci kimiyyar sinadarai ya san wani nau'in kuromiyam yana cin fata, yana cin cikin hanci, yana taɓa huhu. Ban yarda likitan nan bai sani ba.

Ga bayanin namu. Akwai wani farin gari, ziyolayit. In ka duba shi a na'ura za ka ga kowace ƙwaya cike take da ramuka kamar saƙar zuma, ƙanana yadda ido ba zai gani ba. Ƙarfen da muke amfani da shi filatinam ne. Aikinsa yana da kyau, amma halinsa irin na danginmu ne a wurin taro: da zarar wuri ya yi zafi sai ƙwayoyinsa su bar inda aka ajiye su, su dunƙule waje guda, aiki ya tsaya. Ga kunkunniya kuma tana rufe su. To mu sai muka kulle su a cikin ramukan ziyolayit, kowa da ɗakinsa, muka haɗa masa da ɗan kuza don ya natsu. Gas yana shiga yana fita, ƙarfen ba shi da hanyar fita.

Kuma ya yi aiki, Kawu. Ya yi fiye da yadda muka zata. Makonni yana cikin wuta bai gaji ba, kuma babu kuromiyam ko ƙwaya ɗaya. Abin da jarida ta buga tsohon labari ne, wannan sakamakon sabo ne, ban gaya wa kowa ba ko Mama, kai ne na farko. Da a hannuna ne, da daga gobe ba a sake tura ɗan Adam cikin wannan ƙurar ba. Amma ka san irin waɗannan abubuwa, manya ne ke yanke hukunci.

Sunan Mai Kwalabe kuwa, ashe yana nan da ransa? Na zaci na binne shi tun a firamare.

Ɗiyarka.

*

Ɗiyata,

Salamu alaikum. Muna lafiya, Antinki na gaishe ki. Tari na nan, likita kuma zan je in an samu sarari. Dogo ya ce in ce miki Allah ya yi albarka.

Wasiƙarki ta zo a kan gaɓa. An kafe sanarwa cewa ƙarshen wata mai zuwa za a kashe tanderu a kwashe tsakuwa. An kawo kwalayen takunkumin takardar nan an jibge a sito, na gan su da idona.

Na karanta abin da kika rubuta har na haddace. Ashe akwai hanya. Ashe ya yi aiki, manya ne suka zauna a kai. Manajan nan ya dubi tsabar idon mutane ya ce babu, alhali ga shi a hannun 'yar gidanmu. Na ajiye wasiƙar inda ya dace.

Yanzu ki gaya mini: wa ake rubuta wa in ana son saye? Tan nawa za ku iya kawowa a karon farko? Muna da tanderu da yawa, manya ne, amma ko na guda ɗaya aka samu a fara da shi, za mu nuna musu. Ki ba ni amsa da wuri, lokaci ya matse.

Kawunki.

*

Mai Kwalabe,

Ina gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa kika yi shiru, ko da yake na tambayi Yaya ta ce kina nan garau, kin yi tafiya wani gari a kan aiki. Mu ba mu da lafiyar kirki. Antinki hawan jininta ya tashi. Dogo yana kwance a asibiti. Likitan waje ya leƙa hancinsa ya ce bangon da ke tsakiya ya huje, sai an yi aiki.

Kullum sai na tsaya wurin mai gadin ƙofa na tambaya ko an kawo takarda, har ya fara ɓoye fuska in ya hango ni. Tunda ba ki amsa ba, bari in gaya miki abin da shirunki ya haifar.

Ranar da aka buɗe tanderu, mutanena suka tsaya a bakin ƙofar da shebur a hannu, babu wanda ya sa ƙafa. Ni na tsaya a gabansu. Manaja ya sauko da hular kwano sabuwa fil, wadda ko ƙura ba ta taɓa gani ba. Na ce masa ba za mu shiga ba sai an kawo katalis ɗin da babu guba, kuma ya daina ce mana babu, don mun san akwai. Ya tambayi inda na ji. Na nuna masa allon sanarwa na ɗakin canza kaya, inda wasiƙarki take manne tun ranar da ta zo, kowa ya karanta. Ya tsaya ya karanta ta a natse, ya ciro ta, ya ce zai bincika. Har murmushi ya yi mini.

Washegari aka ba ni takardar dakatarwa, wai na tunzura ma'aikata. Abin da ya fi ƙona mini rai, kafin mako ya zagayo sun kwaso 'yan aikin yini daga bakin titi, mutanen da ba su san koriya daga shuɗiya ba, suka raba musu takunkumin takarda suka tura su ciki. Muna bayan shingen waya muna kallo suna fitowa suna kakkaɓe riga suna dariya, suna murna sun samu aiki.

Mutanena yanzu kallona suke yi. Wasu sun fara cewa Kawu ya kai su ya baro. Ni kuma ina ce musu su yi haƙuri, ɗiyata za ta turo amsa. Layi biyu kawai nake nema: sunan wanda ake saya a wurinsa, da ranar da zai iso. Ko karatun ne ya kai inda ba a amsa wasiƙar lebura?

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina yi wa Anti sannu, Allah ya ba Dogo lafiya. Ni jikina lafiya. Sauran kuwa ba lafiya ba, kuma zan faɗa maka ba tare da kwana-kwana ba, ka yi haƙuri in harshena ya yi kaifi.

An tura ni wani gari yin awo a na'urar da ba mu da irinta. Wasiƙunka biyu suna cikin akwatin saƙo na sashenmu, ban gan su ba. Ranar da na dawo, ko jaka ban ajiye ba aka ce Farfesa, shugaban ɗakin gwajinmu, na nemana. Na shiga ofishinsa na tarar da shi da lauyar jami'a. A kan teburin akwai hoton wasiƙata, da rubutun hannuna, da fassara a gefe. Har zancen danginmu a wurin taro an fassara. Kamfaninku ne ya aiko, yana tambaya ko gaskiya ne muna da katalis na sayarwa, kuma me ya sa ma'aikaciyarmu ke tayar musu da rikici.

Da ka ce ka ajiye ta inda ya dace, na ɗauka cikin akwatinka kake nufi. Allon sanarwa, Kawu? Na ce maka ban gaya wa kowa ba ko Mama. Me kake tsammani wannan ke nufi? Sakamakon nan ba a yi masa rajistar mallaka ba tukuna. Aikin mutum shida ne na shekaru, ba nawa ni kaɗai ba. Lauyar ta ce tunda ya fita bainar jama'a, mai yiwuwa rajistar ta lalace. Farfesa bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi in ba shi makullin ɗakin tanderun gwaji. Yanzu an mayar da ni auna samfurin wasu. Abokan aikina in na shiga ɗakin shayi sai hira ta mutu.

Kuma tan nawa kake tambaya? Tan? Duk abin da muka taɓa haɗawa tun da muka fara, in aka tara shi, bai cika cokalin shayi ba. Tanderunmu bututun gilashi ne da bai kai yatsanka kauri ba. Gas ɗin da muke ba shi mai tsabta ne kamar ruwan ido, ba irin naku mai datti ba. Ba mu san ko garin zai yarda a dunƙula shi ya zama tsakuwa ba. Ba mu san ko zai jure shekara ba. Ko da ya jure, ba za a zuba shi a tanderunku haka nan ba, sai an sake gini. Da na ce da a hannuna ne, fata nake yi, irin wadda mutum ke yi in ransa ya ɓaci. Ba alkawari na yi ba.

Da ka jira amsata. Ka ɗauki magana tsakanin kawu da ɗiya ka mayar da ita tuta, ka jefa mutanenka cikin wahala, ka jefa ni. Ka yi shekara ashirin kana aikin tanderu, ka fi kowa sanin ba a buɗe bawul sai an duba ma'auni.

Farfesa ya ce dole in rubuta wa kamfaninku cewa katalis ɗin bai kai matakin masana'anta ba. Na rubuta, na sa hannu, don gaskiya ce. Gara ka ji daga bakina.

Ɗiyarka.

*

Dakta,

Tunda yanzu koya mini aikin bawul ake yi, bari in kira ki da sunan da ya dace. Ina gaisuwa. Lafiyarmu ga ta nan. An yi wa Dogo aiki, yana numfashi ta baki, magana tana fita da fito. Na je wurin likitan waje kamar yadda kika ce. Ya ɗauki hoton ƙirjina, ya ce akwai tabo, in daina shiga ƙura. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, an riga an taimaka mini da wannan.

Ba daga bakinki na fara ji ba. Takardarki ta riga wasiƙarki isowa. An tara mu a ɗakin cin abinci, har ni da aka dakatar sai da aka kira ni, Manaja ya hau kan benci ya karanta ta da lasifika, a hankali, yana tsayawa a kowace gaɓa kamar mai karanta sakamakon jarrabawa. Da ya zo kan sunanki sai ya dube ni ya ce, "Wannan ita ce ɗiyar taka, ko wata ce daban?" Wasu suka yi dariya. Mutanen da na koya wa riƙe sifana suka sunkuyar da kai. A ranar aka karɓi katina na aiki, mai gadi ya raka ni har bakin titi yana ba ni haƙuri.

Kin ce bai cika cokali ba. To ina cokalin yake a wasiƙarki ta farko? Na sake karanta ta a kaina, tunda takardar tana hannunsu. Akwai saƙar zuma, akwai dangi a wurin taro, akwai "ya yi aiki, Kawu." Babu cokali. Kin ba ni labarin ramukan da ido ba ya gani, kika manta ki gaya mini abu ɗaya da ido ke gani. A wurinmu in aka ce abu ya yi aiki, ana nufin an kunna shi, ya fitar da kaya, an loda a mota. Ban san a wurinku yana nufin a dawo bayan an yi jikoki ba.

Kin ce ba ki gaya wa kowa ba sai ni. Na ɗauka girmamawa ce. In sirri ne, ai akwai kalmar sirri a Hausa, ba ta da tsawo.

Kuma ki dubi abin da kike kuka a kai. An karɓe miki makulli. Hira tana mutuwa a ɗakin shayi. Mutanen da aka kwaso daga titi sun gama kwasar, an sallame su, ko sunayensu babu wanda ya rubuta. In hancinsu ya fara jini nan da shekara, ba su ma san ƙofar da za su buga ba. Ke da Farfesanki kuna tsoron kada wani ya riga ku rajista. Ina ce don mutane kuke yin abin? Ko don hoto da farar riga?

Takardar da kika sa wa hannu gaskiya ce, ban musa ba. Amma kin san gaskiya biyu. Kin san farin garinku bai isa ba, kin kuma san ƙurarmu tana huda hanci. Ɗaya kika rubuta musu da hatimin jami'a. Ɗayar kika rubuta mini ni kaɗai, wanda ba shi da hatimi.

Kada ki kira Antinki kina kuka. Ta gaya mini.

Ni ba ƙanin mahaifiyarki na ciki ɗaya ba ne, balle in zama kawunki. Dangi ne na nesa.

*

Kawu,

Ko ka so ko ka ƙi, Kawu zan ce. Ina gaishe ka. Maganar tabon ƙirjinka ta hana ni sukuni. Ka riƙa shan duk maganin da aka ba ka, ka koma ranar da likita ya ce. A gaida Dogo da Anti. Ni ina nan, ba na barci sosai, amma ba ciwo ba ne.

Na daɗe ban amsa ba don wasiƙa uku na yaga. Har yanzu ina jin haushinka. Zancen hoto da farar riga ya yi mini zafi, kuma ba gaskiya ba ne. Rajistar da kake rainawa ita ce ke sa wani kamfani ya yarda ya zuba dukiyarsa ya gina babban tanderun gwaji. In babu ita, garin nan zai mutu a cikin kwalba, kuma kai ka taimaka wajen tura shi can. Wannan ba zan janye ba.

Amma maganar gaskiya biyu ta zauna. Na je wurin Farfesa na ce zan rubuta wa hukumar kula da lafiyar ma'aikata a kan ƙurar kuromiyam. Ya ce ba aikinmu ba ne, kuma kamfanoni irin naku su ne za su sayi abin da muke yi wata rana, kada in ƙara ɓata ruwa. Na ce ba izini na zo nema ba, sanarwa na zo yi. Ya ce to ban da takardar jami'a, ban da hatimi. Na rubuta a farar takarda da sunana da digirina. Na bayyana abin da ƙurar ke yi wa jiki, da irin kayan da ya wajaba a ba mai shiga: rigar da ke rufe jiki duka, da abin numfashi mai bututun iska, da injin zuƙe ƙura maimakon shebur. Waɗannan ba sai an jira ni ba, suna kasuwa tun kafin a haife ni. Na sa labarin Dogo da na 'yan aikin yini. Ga kwafi nan na haɗo maka. Wannan karon ka manna ta duk inda kake so.

Ka tambaye ni rana, ban ba ka ba. Ga amsar da ya kamata in ba ka tun farko: in komai ya tafi daidai, shekara goma. Yana iya fin haka. Yana iya ƙin yiwuwa gaba ɗaya.

Kwantiragina zai ƙare ƙarshen shekara, kuma ban ga alamar Farfesa zai sabunta ba. Akwai wani ɗakin gwaji a wata jami'a da ke irin wannan aikin, sun ce in zo, amma daga farko zan fara. Na gaji, Kawu. Ina tunanin in tattara in dawo gida in koyar a sakandare. Aƙalla a can in na ce abu ya yi aiki, ba wanda zai rasa abincinsa.

Ɗiyarka, Mai Kwalabe.

*

Mai Kwalabe,

Salamu alaikum. Muna nan da rai. Antinki ta warware. Dogo ya koma gida, an ba shi aikin zama a sito, fiton hancinsa ya zama abin tsokana, shi da kansa yake fara dariyar. Ni ina shan magani. Na samu wuri a wani garejin gyaran famfunan ruwa, mai garejin yaron da na taɓa koya wa aiki ne, yanzu shi ke ce mini in zo da wuri.

Na yi wata biyu ban amsa miki ba, da gangan. Ina so ki ɗanɗana.

Masu binciken hukuma sun zo. Mata biyu da wani dattijo, sun yi kwanaki suna ɗibar ƙura a kwalabe, abin da ya tuna mini da ke. Sun ci kamfani tara, sun ce ba za a sake buɗe tanderu ba sai da rigar rufe jiki da bututun iska da injin zuƙa. An kawo kayan, mutanena sun aiko mini da hoto suna sanye da su kamar masu zuwa duniyar wata. Likitan kamfani an canza shi. 'Yan aikin yini kuwa, an nemi a gano su, mutum uku kawai aka samu. Ni ba a mayar da ni ba. Sun ce korata a kan tunzurawa ce, ba a kan ƙura ba. Manaja na nan daram, har an ƙara masa ofis.

Ban yafe miki zancen cokali ba tukuna, ke ma na san ba ki yafe mini allon sanarwa ba. Mu bar su a nan, kowa ya riƙe nasa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar sakandare. Ban taɓa jin zancen da ya ba ni haushi irinsa ba, har da na Manaja a kan benci. An kore ni, an huda hancin Dogo, an lalata miki rajista, duk don ki dawo ki riƙa rubuta sunayen masu surutu a allo? Wa ya gaya miki kina da izinin gajiya?

Babban ɗana, ƙaninki, ya gama kwalejin fasaha. Ya nemi aiki wurare da yawa, wuri ɗaya ne ya kira shi. Kin san wanne. Na yi faɗa, na yi rantsuwa, uwarsa ta yi kuka. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Baba, matata na da ciki. Ka nuna mini wata ƙofar in shiga." Ban da wadda zan nuna masa. Ya fara ranar Litinin, a sashen tanderu, da makullin akwatin ajiye kaya da ke kusa da nawa na da.

Rigar da aka kawo tana da kyau, amma na san kamfani. Bututu zai tsage a ce a lallaɓa, injin zuƙa zai lalace a ce ana jiran kaya, masu bincike kuma ba kullum suke zuwa ba. Muddin koriyar tsakuwar nan na cikin tanderu, wata rana sai an miƙa wa wani shebur.

Kin ce shekara goma. Yaron yana da ashirin da huɗu. Na yi lissafi, zai kai.

Ki karɓi aikin waccan jami'ar. Ki fara daga farkon. Kuma duk abin da ya faru a bututun gilashin nan, ko ya yi ko bai yi ba, ki rubuto mini, ki faɗi yawansa.

Kawunki.